Haruffan Nahawu da Haɗin Aikatau a Harshen Japananci: Darasi ga Masu Tsara Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

Harshen Japananci, wanda mutane fiye da miliyan 120 suke magana da shi, ba shi da wata dangantaka ta asali da Hausa. Hausa tana cikin rukunin harsunan Cadi, shi kuwa Japananci danginsa na kusa su ne harsunan tsibiran Ryukyu. Duk da haka nazarin nahawunsa yana da amfani ga mai tsara manhaja, domin harshe ne da ya ɗora nauyin ginin jimlarsa a kan 'yan ƙananan kalmomi, kuma masanansa sun shafe fiye da shekara 200 suna neman hanyar bayyana su.

Wannan maƙala za ta yi bayanin abubuwa biyu: haruffan nahawu, waɗanda Japanawa suke kira joshi, da kuma yadda aikatau yake sauya siga domin ya haɗu da abin da ya biyo bayansa. An yi amfani da kalmar "harafi" a nan da ma'anarta ta nahawu, kamar yadda malaman zaure suke kasa kalmomin Larabci zuwa suna da fi'ili da harafi. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, a Japananci ba a sanin ma'anar harafi sai an san abin da ya maƙale wa, ba a kuma sanin dalilin sigar aikatau sai an san abin da ke biye da shi. An rubuta misalan da baƙaƙen boko, layi a kan wasali kuma yana nuna tsawonsa.

2.0 Tsarin Jimla da Matsayin Harafi

Jimlar Hausa tana farawa da aikau, sai aikatau, sannan karɓau. A Japananci aikatau ne yake zuwa ƙarshe, kuma kowane harafi yana biyo bayan kalmar da yake yi wa aiki. Alal misali:

(1) Inu ga kodomo o kanda. (kare GA yaro O ciza) "Kare ya ciji yaro."
(2) Kodomo o inu ga kanda. (yaro O kare GA ciza) "Kare ya ciji yaro."

A misali na (2) an gabatar da yaro, amma wanda ya yi cizon bai sauya ba, saboda ga tana nan maƙale da kare tana nuna shi ne aikau, o kuma tana maƙale da yaro tana nuna shi ne karɓau. Idan Bahaushe ya musanya gurbin sunayen biyu, "Yaro ya ciji kare" zai samu. Ke nan aikin da gurbi yake yi a Hausa, harafi ne yake yin sa a Japananci.

Nahawun da ake koyarwa a makarantun Japan ya dogara ne a kan aikin Hashimoto Shinkichi (1882 zuwa 1945). Shi ne ya yaɗa tsarin yanka jimla zuwa gunduwoyin da ake kira bunsetsu, wato kalma mai cin gashin kanta tare da 'yan rakiyarta. A misali na (1) gunduwoyi uku ne: inu ga, kodomo o, kanda. Tun daga matakin farko ɗalibi yana ganin harafi a jikin kalmarsa. Litattafan makaranta sukan kasa haruffan gida huɗu:

(i) Kakujoshi: masu nuna matsayin suna a jimla, kamar ga, o, ni, de, e, to, kara, no.
(ii) Fukujoshi: masu ƙara ma'ana ko jan hankali, kamar wa, mo, dake, sae.
(iii) Setsuzokujoshi: masu haɗa ganga da ganga, kamar te, ba, node, noni, nagara.
(iv) Shūjoshi: masu rufe jimla, kamar ka ta tambaya, da ne ta neman amincewar mai sauraro, da yo ta jaddadawa.

2.1 Haruffan Matsayin Suna

Harafin no yana aikin nasaba, irin na -n da -r a Hausa, sai dai mai abu ne yake gabata: sensei no hon (malami NO littafi) "littafin malami". Harafin ni yana nuna wanda aka yi abu dominsa ko aka bai wa abu, yana kuma nuna lokaci da inda aka nufa. Inda ɗalibi baƙo yake tuntuɓe shi ne bambancin ni da de wajen nuna wuri:

(3) Gakusei ga gakkō ni iru. "Ɗalibi yana makaranta."
(4) Gakusei ga gakkō de benkyō suru. "Ɗalibi yakan yi karatu a makaranta."

Wurin ɗaya ne, amma aikatau na kasancewa yana neman ni, aikatau na aiwatar da aiki kuma yana neman de. Wannan yana nuna cewa aikatau ne yake zaɓen harafi. Ana cewa tomodachi ni au "gamu da aboki", da basu ni noru "shiga bas", da ie o deru "fita daga gida", da Nihongo ga wakaru "jin Japananci". A misalin ƙarshe abin da ake ji ne ya ɗauki ga, wadda ɗalibi ya haddace a matsayin alamar aikau. Saboda haka malaman da ke koyar da baƙi sukan gabatar da aikatau tare da harafinsa a matsayin abu guda, kamar yadda Bahaushe ya san "gamu" tare da "da".

2.2 Wa da Ga: Batu da Aikau

Babu batun da aka fi yin rubuce-rubuce a kansa a nahawun Japananci kamar bambancin wa da ga. Harafin wa yana ɗaga abin da za a yi magana a kansa, wato batun jimla, ko aikau ne ko ba aikau ba. A 1960 Mikami Akira ya fitar da littafi mai suna Zō wa hana ga nagai, wato "Giwa dai, hancinta dogo ne". Sunan littafin kansa hujja ce: giwa ce batu, hanci kuma shi ya ɗauki ga. Da irin wannan jimla Mikami ya yi jayayya cewa ma'anar "aikau" da aka aro daga nahawun harsunan Turai ba ta dace da Japananci ba. A 1973 Kuno Susumu ya bayyana cewa wa tana nuna batu ko bambantawa, ga kuma tana nuna keɓancewa ko bayar da labarin abin da ya faru kawai. Ga misalai:

(5) Kodomotachi wa kita. "Yara dai sun zo."
(6) Dare ga kita ka. Kodomotachi ga kita. "Wa ya zo? Yara ne suka zo."
(7) Niku wa taberu ga, sakana wa tabenai. "Nama kam ina ci, amma kifi ba na ci."
(8) Ame ga futte iru. "Ana ruwa."

Kalmar tambaya irin dare "wa" ba ta ɗaukar wa, domin abin da ba a sani ba ba ya zama batu, amsar ma da ga take zuwa. Wanda ya tashi da Hausa yana da sauƙin fahimtar wannan fiye da wanda ya tashi da Ingilishi, saboda Hausa tana da dai da kam da kuwa masu ɗaga batu, tana kuma da dirka ne da ce masu keɓance abu. Sai dai misali na (8) gargaɗi ne: ba kowace ga ce ake fassarawa da dirka ba. Haka kuma idan wa ko mo "ma" ta hau kan aikau ko karɓau, tana ture ga da o, amma tana zama tare da ni da de: hon wa yonda "littafin dai na karanta", gakkō de wa "a makaranta kam".

3.0 Sigogin Aikatau

Aikatau na Japananci ba ya nuna jinsi ko adadi ko mutum, babu kuma abin da ya yi daidai da zagin aikatau na Hausa. Kalmar kaku tana iya nufin zan rubuta, ko za ta rubuta, ko za su rubuta. Abin da yake sauya ƙarshen aikatau shi ne abin da za a liƙa masa. Wannan haɗi shi ake kira setsuzoku. Nahawun makaranta ya lissafa sigogi shida, ga su da aikatau kaku "rubuta":

(a) Mizenkei: kaka-nai "ba zai rubuta ba", kako-u "mu rubuta".
(b) Ren'yōkei: kaki-masu "zai rubuta" (cikin ladabi), kai-te "rubuta, sannan".
(c) Shūshikei: kaku, sigar rufe jimla, ita ake samu a ƙamus.
(d) Rentaikei: kaku hito "mutumin da zai rubuta".
(e) Kateikei: kake-ba "idan ya rubuta".
(f) Meireikei: kake "rubuta!"

Sunayen sigogin suna faɗin aikinsu: ren'yō na nufin haɗuwa da aikatau ko sifa, rentai kuma haɗuwa da suna. Aikatau irin kaku ana kiran sa godan, mai hawa biyar, domin ƙarshensa yana zagaya wasula biyar: ka, ki, ku, ke, ko. Aikatau irin taberu "ci" da miru "gani" ana kiran su ichidan, mai hawa ɗaya, saboda wasalin saiwarsu ba ya motsi: tabe-nai, tabe-masu, tabe-reba. Biyu ne suka fita daga ƙa'ida ƙwarai, suru "yi" da kuru "zo".

Ɗafe-ɗafen suna bin juna bisa tsari tsayayye, kowanne yana tilasta wa na gabansa siga. Kalmar tabe-sase-rare-nakat-ta ta ƙunshi saiwa, da ɗafin sa wani aiki, da ɗafin wanda aka yi wa aiki, da korewa, da shuɗaɗɗen lokaci, kuma ma'anarta ita ce "ba a tilasta masa ci ba".

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga malamin Hausa. Tun 1960 F. W. Parsons ya nuna cewa aikatau ɗan giredi na 2 yana sauya wasalinsa na ƙarshe gwargwadon abin da ya biyo baya: "abin da ya saya", "ya saye shi", "ya sayi littafi". Ma'anar saye ba ta sauya ba, maƙwabci ne ya sauya.

3.1 Sigar -te

Sigar -te ita ce gadar da aikatau yake bi ya haɗu da wani aikatau. A aikatau godan, haɗin yana kawo sauyin sauti mai ƙa'ida: kaku ya zama kaite, oyogu "yi iyo" ya zama oyoide, matsu "jira" da kau "saya" da toru "ɗauka" suka zama matte da katte da totte, yomu "karanta" da asobu "yi wasa" suka zama yonde da asonde, hanasu "yi magana" kuma ya zama hanashite. Aikatau iku "tafi" ya kauce, ya zama itte. Aikinta na farko shi ne jera ayyuka:

(9) Ichiba e itte, sakana o katte, uchi e kaetta. "Ya je kasuwa, ya sayi kifi, ya koma gida."

Itte da katte ba su ɗauke da lokaci. Aikatau na ƙarshe ne kaɗai ya nuna cewa abin ya shuɗe. Idan aka mayar da shi kaeru, jimlar duka ta koma lokaci na gaba. Hausa a farko take kafa wannan lokaci: "Zai je kasuwa ya sayi kifi ya koma gida."

Aikinta na biyu shi ne ɗaukar aikatau mataimaki, kuma a nan ne kwatanci da Hausa ya fi armashi. Abin da Hausa take yi da giredi, Japananci yana yin sa da aikatau biyu. Katte kuru (saya, zo) shi ne "sayo", ɗan giredi na 6. Motte kuru "kawo" ne, motte iku kuma "kai". Tabete shimatta da nonde shimatta sun yi kusa da "ya cinye" da "ya shanye", ko da yake shimau tana iya ƙara ma'anar takaici. Katte kureta shi ne "ya saya mini". Ita kuwa -te iru ma'anarta tana bin irin aikatau: yonde iru "yana karantawa", amma suwatte iru "yana zaune", aite iru "yana buɗe". A kan wannan bambanci ne Kindaichi Haruhiko ya kasa aikatau gida huɗu a 1950.

3.2 Harafi Ɗaya, Haɗi Daban-daban

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan muhimmancin haɗi ita ce harafin da ma'anarsa take juyawa idan abin da ya maƙale wa ya sauya:

(10) Tōkyō kara "daga Tokyo" (bayan suna)
(11) taberu kara "saboda zan ci" (bayan sigar rufe jimla)
(12) tabete kara "bayan an ci" (bayan sigar -te)
(13) Ame ga furu sō da. "An ce za a yi ruwa."
(14) Ame ga furi sō da. "Da alama za a yi ruwa."
(15) Kaku na. "Kada ka rubuta." Kaki na. "Rubuta mana."

A (13) da (14) wasali ɗaya ne ya raba labarin da aka ji da abin da ido ya gani a sararin sama. A (15) wasali ɗaya ya raba hani da umurni. Haka ga take nuna aikau bayan suna, amma bayan ganga tana nufin "amma", kamar ta tsakiyar misali na (7). To bayan suna tana nufin "da", bayan aikatau kuma "da zarar". Ɗalibin da aka ce masa kara na nufin "daga" ya sami kashi ɗaya ne cikin uku na gaskiya.

4.0 Asalin Wannan Hanyar Nazari

Tsohon sunan haruffan shi ne tenioha, wanda ya samo asali daga ɗige-ɗigen da ake sa wa baƙaƙen Sinanci domin a karanta su da tsarin Japananci. A 1771 Motoori Norinaga (1730 zuwa 1801) ya fitar da jadawalin da ya nuna ƙa'idar da ake kira kakari-musubi, wato ratayawa da ƙullewa. A tsohon Japananci, idan ɗaya daga haruffan zo, namu, ya ko ka ya bayyana a tsakiyar jimla, dole aikatau na ƙarshe ya bar sigar rufe jimla ya ɗauki sigar rentaikei, idan kuwa koso ce sai ya ɗauki wata siga mai suna izenkei. Ɗansa Motoori Haruniwa ya ci gaba da aikin, ya tsara rukunonin aikatau a littafin da aka buga a 1808.

Wannan ƙa'ida ta ɓace daga Japanancin yau, amma irinta tana raye a Hausa. Ana cewa "Yara sun zo", amma da zarar dirka ta keɓance aikau sai a ce "Yara ne suka zo". Ana cewa "Suna karatu", amma "Karatu ne suke yi". Ƙaramar kalma a farkon jimla ta tilasta wa lamirin lokaci ya koma siga ta biyu.

5.0 Nahawu Biyu ga Ɗalibai Iri Biyu

Manhajar Ma'aikatar Ilmi ta Japan da aka yi wa gyara a 2017 ta sa rabe-raben kalmomi a ajin farko na ƙaramar sakandare, sauyin sigogi da aikin haruffa kuma a aji na biyu. Waɗannan yara sun riga sun iya harshen, abin da ake koya musu shi ne sunayen abin da suka sani, da shirin karatun tsohon adabi. Shi ya sa aka riƙe bambancin shūshikei da rentaikei, alhali a aikatau na yau sigarsu ɗaya ce.

Masu koyar da baƙi sun bi wata hanya dabam. Litattafai irin su Minna no Nihongo, wanda ya fito a 1998, sun ajiye sigogi shida, suka kasa aikatau rukuni uku, suka kuma raɗa wa kowace siga sunan abin da ta ƙare da shi: sigar masu, sigar te, sigar nai, sigar ƙamus. Kowane sabon gini ana gabatar da shi ne tare da sigar da yake hawa.

Akwai kuma tasirin rubutu. Baƙaƙen kana gaɓa-gaɓa suke tafiya, ba su iya rubuta k ita kaɗai. Saboda haka nahawun makaranta ya ɗauki ka- a matsayin saiwar kaku, alhali masana irin su Bernard Bloch (1946) sun nuna cewa kak- ce saiwar. Daidaitacciyar Hausa ma tana ɓoye wani abu, tunda ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali. Wasalin ƙarshe na "kama" dogo ne a "ya kama shi", gajere ne a "ya kama ɓarawo", amma a rubuce iri ɗaya suke.

6.0 Shawarwari

Idan aka yi la'akari da bayanan da suka gabata, ana iya ba masu tsara manhaja da marubuta litattafan koyarwa waɗannan shawarwari:

(i) A riƙa koyar da ƙananan kalmomi a cikin jimla tare da maƙwabtansu. Kalmar "da" a "Audu da Bala", da "ya yanka da wuƙa", da "littafin da na saya", da "da ya zo sai muka tafi" tana buƙatar irin bayanin da aka yi wa kara.

(ii) A gabatar da sauyin wasalin aikatau ta hanyar tambayar abin da ya biyo bayansa, kafin a kai ga lambobin giredi. Ɗalibin da ya gano dalilin saya, saye da sayi da kansa ba zai manta ba.

(iii) A haɗa darasin dirka da kalmomin tambaya da darasin lokuta na biyu (suka, suke), domin ƙa'ida ɗaya ce take ɗaure su.

(iv) A bai wa fa, dai, kuwa, kam, ma da ko gurbi na musamman, domin su ne suke nuna batu da bambantawa da matsayin mai magana.

(v) A bambanta manhajar ɗalibin da Hausa ce harshensa na farko da ta wanda yake koyon ta a matsayin harshe na biyu. Na farko yana buƙatar sunayen abin da ya iya, na biyu yana buƙatar ginin da zai yi magana da shi. Idan aka ba su littafi ɗaya, ɗayansu zai cutu.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta yi bayanin rabe-raben haruffan Japananci, da bambancin wa da ga, da sigogin aikatau shida, da ayyukan sigar -te. An nuna cewa harafi guda yana iya ɗaukar ma'ana uku gwargwadon abin da ya maƙale wa, kuma masanan Japan tun daga ƙarni na 18 sun gina nahawunsu a kan wannan lura. Kamannin da aka nuna tsakanin harsunan biyu na aiki ne kawai, ba su nuna asali ɗaya. Amfaninsu shi ne su sa malamin Hausa ya sake duban "da" da "dai" da "ne", waɗanda sabo yake sa a wuce su da sauri a aji, ya kuma ba su lokacin da ya dace da nauyin da suke ɗauke da shi a jimla.